Satar Dariyar Gwaggo

Waƙar nan da ake kira Tuƙa-tuƙa ta ƙi mutuwa. Shekara goma sha tara ke nan da fitowarta, mawaƙin da ya rera ta ya rasu, injin da ake kunna faifanta na farko ma sai a shagon 'yan gwangwan ake ganinsa, amma ita waƙar tana nan daram. Baitocinta ba wani abin a zo a gani ba ne. Labarin wani mutum ne da ya je neman aure wandonsa ya yage, ya zauna a kujera ta karye, ya tashi zai gudu kare ya bi shi. Babu ma wanda ya haddace su. Abin da ya riƙe waƙar shi ne dariyar da ake sakawa a ƙarshen kowane baiti, dariyar wata mata da take ƙyaƙyatawa har numfashinta ya ƙare, sannan ta ja iska da wani irin ƙara, kamar famfon tuƙa-tuƙa da ya daɗe bai ga mai ba. Ko cikin fushi kake, ka ji ta sai ka murmusa. Yara kuwa da sun ji sai su dunƙule hannu su riƙa tuƙa iska sama da ƙasa.

Auta ta san mai dariyar. Gwaggonta ce, yayar babanta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya ta, ta koya mata riƙe fensir. Babanta kuma, wanda kowa ke kira Mai Faifai, shi ne mai kamfanin da ya buga waƙar, kuma har yau a hannunsa take, ba mai sa ta a rediyo ko a waya sai da izininsa. Wata rana da yamma a falon gidansa ya ɗauki dariyar, yana gwada sabon rikoda, 'yan uwa na hira. Bai tambayi yayarsa ba a ranar, bai kuma tambaye ta ba da zai sa a waƙa. Da farko mutanen unguwa kaɗai suka gane muryar, amma magana ba ta kwana wuri ɗaya.

Gwaggo malamar firamare ce. Tun rasuwar mijinta take zaune a ɗakin baya na gidan ƙanen nata, kullum da safe ta rataya jaka ta tafi makaranta. Shekaru da yawa ta yi tana haɗiye abin, tana cewa yayi ne, zai wuce. Duk lokacin da waƙar ta fara lafawa kuwa sai Mai Faifai ya sake mata riga, ya ƙara mata ganga, ko ya sa a yi mata 'yan zane masu motsi. A bara ya ba kamfanonin waya ita, aka yanko dariyar zalla aka mai da ita ƙarar kira. Daga nan ne rayuwar Gwaggo ta fara ƙuntata da gaske.

A aji, da ta juya za ta yi rubutu a allo sai ta ji ƙus-ƙus a bayanta. In ta waiga sai ta tarar da hannuwa talatin sun sauka lokaci guda. Ba ta dukan yara, ba ta taɓa yi ba, sai ta tsaya tana kallonsu har alli ya jiƙe a hannunta. Wata rana wani sabon malami, wanda a haife ta haife shi, ya ce mata a ofishin malamai, “Malama, don Allah ki ɗan tuƙa mana sau ɗaya mana, matata ba ta yarda tare muke aiki ba.” Sauran malaman suka sunkuyar da kai suna danne dariya. A ƙarshen zangon ta roƙi shugaban makaranta ya cire ta daga aji ya mai da ita ɗakin ajiye littattafai. Matar da ta shekara talatin tana koyar da karatu ta koma kaɗe ƙura tana liƙa bangon littafi da gam.

Abin da ya fi muni a gidan maƙwabta ya faru, ranar da maigidan ya rasu. Auta tana wurin, kusa da Gwaggo take zaune. Mata sun cika ɗaki, an yi tsit, matar mamacin ta haɗa kai da gwiwa. Sai waya ta yi ƙara a cikin jakar wata, dariyar Gwaggo ta cika ɗakin, ta ƙyaƙyata, ta ja iskar nan. Mai wayar kunya ta hana ta taɓa jakarta, ta bar ta tana yi har ta gaji. Matar mamacin ta ɗago kai da jajayen idanu ta dubi Gwaggo. Wata tsohuwa da ba ta san sha'anin waya ba ta ce, “Haba Malama, a gidan mutuwa?”

Gwaggo ta miƙe ta fita, ta zura takalmi ɗaya nata ɗaya na wata, har gida. Auta ta san daga jakar wa ƙarar ta fito, ta kuma san kalma biyu sun isa su wanke Gwaggo, amma ta yi shiru, don in ta yi magana za a tuna kamfanin ubanta ne ya sayar da abin. Wannan shirun ya daɗe yana cin ta a rai.

Tun daga ranar Gwaggo ta daina shiga taro. Daga makaranta sai ɗakinta. In abin dariya ya faru a tsakar gida sai ta sa tafin hannu ta toshe baki, kafaɗunta su ɗan girgiza, shi ke nan. Mutum ɗaya ce ta rage wadda Gwaggo ke sakin jiki a gabanta. Auta ta yi aure, tana da 'ya mai shekara uku da ta ci sunan Gwaggo, amma kusan kullum in ta tashi daga aiki a kamfanin babanta sai ta biyo gida, ta shige ɗakin baya ta turo ƙofa. Allah ya ba Auta baiwar kwaikwayo. Takan yi wa Gwaggo yadda Baba ke amsa waya in babban mutum ne ya kira, yana miƙewa tsaye yana rusunawa kamar ana ganinsa, da yadda Mama ke ciniki da mai kayan miya tana rantsuwa ba ta da ko sisi alhali jaka na hammatarta. A nan ne kawai, ƙofa a rufe, Gwaggo ke yin dariyarta ta ainihi, ta yi har ta riƙe ciki tana cewa, “Ke 'yar nan za ki kashe ni.”

Wata safiya Mai Faifai ya shigo ɗakin baya da kansa, abin da ya yi wata da watanni bai yi ba. Auta tana nan, ta biyo ajiye wa Gwaggo maganin hawan jini. Ya gaishe da yayarsa har da rusunawa, ya yaba labulen ɗakin, sannan ya kawo abin da ke tafe da shi. Wani kamfanin sabulu na son sa waƙar a talla, amma sun ce tsohuwar dariyar akwai shuu a cikinta, ga ƙarar cokali da tarin wani a baya, in an sa a manyan lasifika sai abin ya fito. An gwada 'yan wasa bakwai, babu wanda ya iya jan iskar nan. Abin da yake so kawai ta zo situdiyo ta yi musu sabuwa, minti biyar.

Gwaggo ta dube shi ta ce, “Ka san na bar aji saboda waƙar nan?”

“Yaya, ai hutu kika samu. Tsayuwa gaban allo a shekarunki ba daɗi.”

“Ka ji abin da ya faru a gidan rasuwa?”

“Na ji, kuma raina ya ɓaci. Amma laifin mai wayar ne da ba ta kashe ta ba. Ni dai ban sa sunanki a jikin faifai ba, ko sau ɗaya. Kuma dariya ce fa, Yaya, ba zagi ba. Kin san mutum nawa ne ke cikin baƙin ciki su ji muryarki su warware? Lada kike kwasa kina zaune.”

“To na yafe ladan. Ka bar ni haka.”

Ya gyara zama, murya ta ɗan sauya. “Rufin da ke kanmu fa da waƙar nan aka yi shi. Har ɗakin nan.”

Gwaggo ta ɗaga kai ta kalli silin ɗin na ɗan lokaci, kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta ce, “Ka tafi wurin aikinka, kada ka makara.”

Gwano ba ya jin warin jikinsa. A mota, suna hanyar kamfani, Baba bai daina mita ba. Shi ya riƙe ta shekara da shekaru, shi ke sayen magani, yau abu kaɗan ya nema an hana shi. Da suka isa bai bar Auta ta wuce teburinta ba, ya ce ta biyo shi ofis. Ya rufe ƙofa, ya ce, “Ina jiyo ku ta taga in kin shiga wurinta. Ke kaɗai take yi wa dariyar nan. Ki ɗauko mana ita ba da saninta ba.”

Auta ta ce, “Baba, ta ce ba ta so.”

“Ba ta san abin da zai amfane ta ba ne. Saurara ki ji. Wannan ne na ƙarshe. Tallan nan ya yi wata shida, in janye waƙar daga ko'ina, har wayoyin. Gwaggonki ta huta har abada. Ba shi kike so ba?” Ya jawo aljihun tebur ya fito da wani fayil mai shuɗin bango. Waƙoƙin ƙidaya ne na yara da Auta ta tattara, shekara huɗu tana roƙonsa ya buga su yana cewa sai an ga hali. “Wannan ma na duba shi. Da mun gama da masu sabulu sai mu shiga nasa, da sunanki a jiki.”

Da yamma ta kai wa Mama maganar a kicin, tana fatan a hana ta. Mama ba ta ko ɗago daga yankan albasa ba. “Ke dai ki yi wa ubanki abin da ya ce. Dariyar da take yi a banza a ɗaki, bango ke sha, in an ɗauka me ya ragu a jikinta? Kuma ba sai ta sani ba. Abin da mutum bai sani ba ai ba ya hana shi barci.”

Kwana uku Auta tana juya abin a ranta. Ta riƙa gaya wa kanta saboda Gwaggo za ta yi, wata shida kawai sannan a binne waƙar. Amma duk lokacin da ta faɗi haka sai shuɗin fayil ɗin nan ya faɗo mata a rai, kuma ta san wanne ne ya fi nauyi a cikin biyun. A rana ta huɗu ta sauka ƙasa wurin Injiniya, mai haɗa sautin kamfanin.

Injiniya mutum ne da bai san komai a duniya ba sai tsabtar sauti. Ya ba ta wata 'yar makirfo da ba ta kai ƙwayar wake biyu ba, ya nuna mata yadda za ta maƙala ta a cikin mayafinta ta wajen kafaɗa. Sannan ya shiga lissafa mata ƙa'idoji da yatsu. Ta rufe taga. Ta kashe fanka. Ta cire awarwaro. Ta zauna kusa, kada ya wuce kamu uku. “Na ƙarshe kuma shi ne babba,” in ji shi. “In ta fara, ke kada ki yi dariya. Ko numfashi mai ƙarfi kada ki yi. In muryarki ta hau kan tata aikin ya lalace.”

Ranar Asabar da la'asar ta je. Ana zafi sosai. Ta tarar da Gwaggo tana ɗinke bakin matashi, fanka na juyawa a kanta. Auta ta ce mura ke damunta, iska na sa mata ciwon kai. Gwaggo da kanta ta miƙe ta kashe fankar, ta ja tagar, ta taɓa goshin Auta da bayan hannu ta ce, “Jikin ba zafi, amma ki sha magani.”

Auta ta zauna a bakin gado, gwiwarta na taɓa ta Gwaggo. Ta fara da kwaikwayon Mama da mai kayan miya, Gwaggo ta murmusa kawai. Sai ta kawo wanda ta tanada, yadda Baba ya shigo ɗakin nan rannan yana yabon labule. Ta rusuna irin tasa, ta shafa labulen, ta yi muryarsa tsaf: “Yaya, wannan yadin ai sai gidan sarauta.” Gwaggo ta yar da allura. Dariyar ta taso mata tun daga ciki, ta ƙyaƙyata har ta kwanta a jikin bango, ta ja iskar nan sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ta ƙarasa da ɗan tarin da tsufa ya ƙara mata. Auta na zaune ƙiƙam, ta cije leɓe, gumi na bin bayanta.

Da Gwaggo ta dawo hayyacinta ta share hawaye da gefen zani. Ta ce, “Yau ke ba ki yi dariya ba. Murar ce?”

“Ita ce, Gwaggo.”

Gwaggo ta kama hannunta ta riƙe. “Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ba don ke ba da na manta yadda ake yi. Duk gidan nan ke kaɗai ce ba na jin tsoro.”

Ranar Litinin Auta ta tsaya a bayan Injiniya yana sauraro. Ya sa abin ji a kunne yana gyaɗa kai, yana cewa tsaf, tsaf, ko ƙuda bai gifta ba. Sannan ya sake shi a lasifika. Dariyar ta wuce, sai muryar Gwaggo ta fito a hankali, tana sa albarka, tana cewa ke kaɗai ce ba na jin tsoro. Injiniya ya ja layi a kan wurin da linzamin kwamfuta ya ce, “Wannan ba ma buƙatarsa,” ya danna ya goge. Baba ya dafa kafaɗar Auta ya ce 'yar halak. Ita kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fita ta shiga banɗaki ta kulle, ta daɗe tana wanke hannun da ba abin da ya taɓa.

Sati shida tsakani tallan ya fito. A sati shidan nan Auta ba ta fasa zuwa ɗakin baya ba, don rashin zuwan zai fi tona ta, amma kwaikwayon ya daina yi mata daɗi, Gwaggo har tana tambayarta ko ita da mijinta ne. Ranar da abin ya fashe, Auta ce ta raka ta asibiti awon jini. Suna zaune a benci cikin layi, talabijin na rataye a bango. Sai ga wata mata a allo tana wanki, kumfa na tashi, kiɗan Tuƙa-tuƙa ya shigo, dariyar ta biyo baya. Marasa lafiya suka fara murmushi, wani yaro a cinyar uwarsa ya shiga tuƙa hannu.

Gwaggo ta saba sunkuyar da kai in ta ji waƙar. Wannan karon ba ta sunkuyar ba. Ta kasa kunne. Shekara goma sha tara tana jin tsohuwar dariyar, ta san ta kamar tafin hannunta, ta san inda cokali ke ƙara. Wannan babu cokali. Muryar ta fi kauri, an ja iska sau uku, ga ɗan tari a ƙarshe. Tallan ya ƙare aka shiga labarai. Gwaggo ba ta juyo ba, idonta na kan talabijin ta ce a hankali, “Ashe ba mura kike yi ba.”

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira lambarsu. Gwaggo ta miƙe, Auta ta kai hannu za ta riƙe mata jaka kamar kullum, Gwaggo ta mai da jakar ɗaya kafaɗar ta shiga ita kaɗai.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Da Baba ya ji ta gane, sai ya aika a sa mata sabuwar na'urar sanyaya ɗaki, ya ce da Mama, “Za ta huce, jini ai ba ya ƙarya.” Mama ta ce tsufa ne ke sa mutum riƙo. Wata shida suka cika, masu sabulu suka nemi ƙarin shekara, kamfanonin waya suka karɓi sabuwar dariyar a madadin tsohuwar. Auta ta shiga ofis ta tuna wa Baba alkawarinsa. Ya cire tabarau ya dube ta kamar yarinya. “Na sa hannu a takarda, ki ce in janye? Mutum goma sha ɗaya ke ci a kamfanin nan. Kuma ke da bakinki za ki yi mini wa'azi? Ni na shiga ɗakin?” Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Faifan waƙoƙin ƙidaya ya fito da sunanta a jiki da manyan baƙaƙe, ta kawo kwali ɗaya gida ta tura ƙarƙashin gado, ba ta iya buɗe shi ba.

Gwaggo ta ajiye aikin makaranta gaba ɗaya, don yanzu har iyayen yara sukan leƙo ɗakin littattafai su ga matar talla. Ta daina fitowa tsakar gida in da mutane. Abin da ya fi tayar wa Auta hankali shi ne maganar ma ta ɗauke. In an gaishe ta sai ta ɗaga hannu. In an tambaye ta za ta ci abinci sai ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Wanda duk ya shigo ɗakin, kafin ta dubi fuskarsa sai ta dubi kafaɗarsa, da aljihunsa, da abin da ke hannunsa. Ta rame, zobenta ya fara zamewa daga yatsa, likita ya ƙara mata ƙwayoyi. Auta ta durƙusa a gabanta har sau uku tana neman gafara, tana kuka. Duk sau ukun Gwaggo ta ce, “Ba komai,” ta juya ga ɗinkinta.

A gidan kuwa kowa ya samu abin da zai rufe fuskarsa da shi. Baba ya ce bai shiga ɗakin ba. Mama ta ce ita shawara kawai ta bayar. Injiniya ya ce aikinsa sauti ne. Da a ce baƙo ne ya haura katanga ya ɗauki butar Gwaggo, da duk gidan sun fito da sanduna. Amma an shiga har bakin gadonta an ɗauke abu ɗaya da ya rage mata, kuma kowa ya ci abincinsa ya ƙoshi a ranar. Da ɗan gari akan ci gari, Auta ta san wannan karin maganar tun tana aji uku, a bakin Gwaggo ma ta fara jin ta. Ita kaɗai ce ba ta samu abin rufe fuska ba.

Wata Lahadi da hantsi ta ɗauko 'yarta ta zo da ita. Ta daɗe ba ta kawo ta ba, kunya ta hana. A bakin ƙofar ɗakin baya ta ajiye jaka da waya a ƙasa, ta cire mayafi ta rataye a ƙusa, ta shiga hannu sake don Gwaggo ta gani. Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta dubi yarinyar, fuskarta ta ɗan saki. Ta miƙa hannu, takwarar tata ta ruga ta haye cinyarta.

Auta ta zauna nesa, a kan tabarma kusa da ƙofa. Yarinyar ta jawo kwandon ɗinki ta kife, ƙwallayen zare suka watse. Ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera, ta bi shi da rarrafe, ta fito da yanar gizo-gizo a hanci da zare ja a wuya. Ta hango kanta a madubin jikin kabad. Sai ta fashe da dariya, ta ƙyaƙyata har numfashinta ya ƙare, sannan ta ja iska da ƙara, 'yar siririya, amma ita ce sak. Auta ba ta taɓa jin ta yi haka ba.

Gwaggo ta yi wuf, da saurin da ba a san tana da shi ba, ta jawo yarinyar ta rufe mata baki da tafin hannu. Ba da ƙarfi ba, amma ba ta sake ba. Ta dubi taga, ta kasa kunne wajen falo inda muryar Mai Faifai ke tashi yana waya. Yarinyar ta zaro ido tana kallon uwarta, ba ta san laifin da ta yi ba.

Gwaggo ta ce, “Kada ki bari ubanki ya ji ta.”

Wata bakwai rabon da ta haɗa wa Auta magana mai tsawon haka. Auta ta matso da gwiwa, hawaye na zuba, ta ce, “Wallahi Gwaggo ba zai ji ba. Na yi miki alkawari, ba wanda zai ji.”

Gwaggo ta daɗe tana kallonta, ba fushi a idonta, sai gajiya. Ta ƙara matse yarinyar a ƙirjinta, ta juya da ita gefen bango.

“Ke ma da so samu ne, da ba ki ji ba.”